Bashin da Na Ɗauka a Gaban Makara

Tun ranar da muka kai Husaini makwancinsa ban sake taka ƙofar gidansa ba, har damina ta zagayo, ta tafi, ta sake zagayowa. Ba nisa ne ya hana ni ba, domin daga unguwar Liman Abaji inda nake zaune zuwa Angwan Iya, duk a cikin garin Keffi, tafiya ce da tsoho zai yi da sandarsa bai nemi wurin hutawa ba. Ba kuma wata gaba ce tsakanina da iyalinsa ba. Na dai yanke wa kaina cewa ba zan tsaya gaban Hansai, matar da ya bari, ba sai ina riƙe da shaidar cewa bashin gidansu ya ƙare. A lokacin mutunci na kira wannan hali. Har gobe ban yarda cewa dukansa girman kai ne ba, ko da yake na san akwai shi a ciki.

Tare muka shiga aikin En'e da Husaini, tun kafin a sauke tutar Turawa. Ni kafinta ne a sashen ayyuka, daga baya aka ɗora ni kan duba gine-gine. Shi kuwa a ɗakin shan magani ya ƙare ƙuruciyarsa, yana wanke miki yana ɗaure gyambo. Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata, suka sauka, kasuwa ta cika da rediyo da babura, sai hukumar lamunin gidaje ta buɗe wa ma'aikata ƙofa: a ba ka kuɗi ka gina, a riƙa cirewa daga albashinka, gidan kuma ya zauna a hannunsu har ka gama. Na karɓa, na gina, na biya. Na sayar da babur ɗina, na ɗage tafiya Makka, na ci tuwo da miyar da ba nama, amma na biya har kwabon ƙarshe, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Husaini ya makara wajen farawa. Siminti ya yi tsada a hannunsa, ginin ya ja lokaci. Ya tare ke nan ba da daɗewa ba aka shiga tsuke bakin aljihu, aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama daga aiki a jikin allo, nasa yana ciki. Bai yi doguwar jinya ba. Likita ya ce hawan jini ne, mu kuma da muka san shi ba mu yi gardama ba.

An ajiye makara a filin da ke gaban masallacin unguwarsu, aka ja sahu. Kafin liman ya yi kabbara sai ya juyo, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanmu Husaini. Wanda yake binsa bashi ya faɗa. Kuma wa zai ɗauke masa nauyin abin da ake binsa, domin ya kwanta da sauƙi?"

Bisa al'ada wannan tambaya ba ta daɗewa a tsaye. Ɗa ko ƙane yakan ce a zo wurinsa, a wuce, domin galibi abin bai wuce kuɗin tela ko na mai goro ba. Amma babu wanda ke cikin sahun nan da bai san irin bashin da ke kan Husaini ba, bashi ne da aka zuba shi siminti aka rufe da kwano. 'Ya'yansa duka mata ne. Ƙannensa suka sunkuyar da kai suna nazarin yatsun ƙafarsu. Shirun ya yi tsawo har na ji wani a sahun baya yana gyaran murya. Ga abokina kwance cikin likkafani, rana tana dukansa, ana jira a ga mai saye kamar akuyar da ta yi kwantai ranar kasuwa.

Na ce, "Yana wuyana."

Liman ya dube ni. "Malam Mahmudu, ka san abin da ka ɗauka?"

"Na sani. Duk mai bin Husaini, mutum ne ko hukuma, ya zo wurina."

"Jama'a, kun shaida?"

Suka ce sun shaida. Aka yi salla, aka ɗauki makara.

Mutane da yawa sun faɗi irin wannan magana a gaban gawa, suka bar ta a nan inda suka faɗe ta. Ni ban iya ba. Bayan sadakar bakwai na tafi ofishin hukumar, na sami akawunsu, wani Julius, na ce ya cire sunan Husaini ya sa nawa.

Ya ce, "Baba, ba a yin haka fa. Doka ba ta san maganar da aka yi a wurin jana'iza ba. Ba wanda zai kama ka."

Na ce, "Ni na san ta. Rubuta."

Ya girgiza kai, ya rubuta.

Da farko abin ya tafi daidai. Na riga na yi ritaya, fansho yana zuwa, in raba shi, in kai musu nasu. Sannan fansho ya fara zuwa kamar baƙon da ba ya aiko da sanarwa, wani lokaci ya ɓace har a manta kamanninsa. Na sayar da abin da zan iya sayarwa. Na koma karɓar ƙananan ayyuka, gyaran kujera da ƙofar shago, ni da na taɓa sa hannu a kan ginin makarantu. Duk da haka bashin ya riƙa gaba ina binsa a baya, har ranar da aka gaya mini cewa mutanen hukumar sun je Angwan Iya sun shafa jan fenti a bangon gidan, alamar za a yi gwanjonsa. A lokacin gida a Keffi ba ya kwana a kasuwa. 'Yan kwangilar da ke aikin sabon birnin tarayya suna neman inda za su zuba ma'aikatansu, da kuɗi a hannu.

A cikin wannan hali ne na bi ta Sabon Gari wata rana da hantsi, na ratsa ta gaban shagon Benedict. Direba ne a sashenmu kafin guguwar sallama ta kwashe shi, ya koma sayar da kayan gini. Shi ma yana da nasa bashin gidan, kuma shi ne ya tara masu irin wannan bashi suka yi ƙungiya, suka dami gwamnati da koke har ta gaji.

Ya hango ni ya ɗaga murya. "A'a! Sarkin Biya da kansa! Yau an tuna da talakawa?"

"Wucewa nake yi."

"Kullum wucewa. Zauna mana, Oga. Benci ba lamuni ba ne, ba za a cire maka a fansho ba."

Na zauna. Ya jawo tasa kujerar kusa, ya rage murya. Ya ce gwamnati ta kafa kwamiti, kuma zai zo ya zauna a nan Keffi. Wanda aka sallama daga aiki, da matar wanda ya mutu, za a yafe musu sauran bashin.

"Amma akwai matsala, kuma matsalar tana zaune a kan bencina. Julius ya ce a wurinsu bashin Husaini ba na mamaci ba ne, na mai rai ne, mai fansho. Muddin sunanka yana wurin, ba za a dubi Hansai ba. Sai ka je gaban kwamiti ka sa hannu cewa ka kasa, ka fita, sannan a yafe mata."

"Ba zan je ba."

"Na sani. Na gaya wa Ngozi tun jiya, na ce wannan tsoho zai ce ba zai je ba. Ta ce a'a, yana da hankali. Ka ga ka sa matata ta yi ƙarya."

"Benedict, da hannunka ka karɓi kuɗin nan. Ba wanda ya riƙe maka alƙalami."

"Wa ya kira mu? Ba su ne suka zo da mota da lasifika ba, suna cewa arzikin mai ya zo, kowa ya gina? Suka ce za su riƙa cirewa a albashi. To, ina albashin? Mutum ya ba ka tulu ya ce ka riƙa kawo masa ruwa, ya zagaya ya cike rijiyar, sannan ya dawo yana tambaya ina ruwa. Wannan shi ne adalcin da kake karewa?"

"Ba shi nake karewa ba. Amma kuɗin da za a yafe maka ba na mai hatimin gwamnati ba ne. Na manomin da ke bayan gari ne, wanda bai taɓa ganin ƙofar banki ba, yana kwana a ɗakin ciyawa. Shi wa ya tambaye shi ko ya yafe?"

"To je ka tambaye shi! Ka bi ƙauye-ƙauye har Ikko, kowa ka ce masa ya yafe. Kafin ka dawo direbobin tifa suna shanya wanduna a tsakar gidan Husaini."

Na tashi. Ya bi ni da murya har bakin titi, yana cewa in gaishe da mutuncina, in tambaye shi ko yana da ɗakin da zai ba Hansai haya.

Ban je wurin Julius ba, ban kuma je Angwan Iya ba. Na zauna a zaurena ina jujjuya abin. Na ce wa kaina: mutanen da suka ce sun shaida suna nan da ransu, ina haɗuwa da su a kasuwa da masallaci. In na je na ce na kasa, me na mayar da Husaini? Na ɗauke masa kaya a gaban jama'a, sannan na lallaɓa na mayar masa da shi cikin kabari ta ƙofar ofis. Kuma ban ga yadda sa hannun wani ma'aikaci daga Jos, hedkwatar jiharmu, zai sauke abin da aka ɗauka da sunan Allah ba.

Maimuna, matata, ita ta kawo mini saƙon. Ta ajiye mini abinci ta tsaya, abin da ba ta saba ba.

"Maigida, Hansai ta ce in gaya maka, in ba ka je ba ita za ta zo ta same ka a ƙofar masallaci, ta faɗi abin da ke bakinta maza su ji. Ni dai na isar. Kuma ka san za ta aikata."

Na san za ta aikata. Bayan la'asar na tafi.

Jan fentin yana nan a gefen ƙofa, ruwan sama ya ja shi ƙasa ya yi zirara. Na yi sallama aka ce in shiga. An yi ruwa da safe, kuma abin da na fara gani a falon shi ne baho da tasoshi jere a ƙasa, kowanne da ruwa a ciki. Na ɗaga kai. Iska ta ɗage kwanon rufi guda daga kan katakonsa, har ana hango sama ta wurin. Silin ɗin wajen ya jiƙe ya rufto tun tuni, an share an zubar.

Hansai ta shimfiɗa mini tabarma a inda ya bushe, ta zauna nesa kaɗan.

"Sannu da zuwa, Malam. Ashe ka gane hanya."

"Hansai, yaya haƙuri?"

"Haƙuri ya tsufa, Malam. An daina tambayarsa."

Na faɗa mata abin da na zo da shi, cewa maganar da aka yi a gaban makara ba a janye ta, kuma in ta ƙara mini lokaci zan san yadda na yi.

"Lokacin ba a hannuna yake ba, balle in ƙara maka. Da ka yi maganar, wa ka tambaya? Ina ɗaki ina kuka aka shigo aka ce Malam Mahmudu ya ɗauke bashi, mata suna ta sa maka albarka. Na gode. Wallahi har yau ina godiya, domin ƙannensa ma ƙasa suka kalla. Amma kai ka tafi gida da albarka, ni aka bar ni da jan fenti."

"Ina biya gwargwadon ikona."

"Na sani. Maimuna ta gaya mini har rigarka ta Salla ka kai kasuwa. Ban ce ba ka yi ba. Cewa na yi ba ka iya ba. Yaushe kasawa ta zama zunubi?"

"Tsoro nake yi kada a riƙe shi a can saboda wannan."

Ta dube ni, karo na farko tun shigowata. "Husaini yana hannun Wanda ya fi ni da kai sanin wanda ya kore shi daga aiki. Kuma shi inda yake ba a zuwa da ƙararrawar gwanjo. Ni ce a waje, ni da autarsa. In aka fitar da mu, gidan wa za mu? Gidan waɗanda suka kalli ƙasa?"

"Bara ce, Hansai. Ka tsaya gaban baƙi ka ce a ji tausayinka."

"Kai ka ga bara. Mutumin nan ya tsufa yana wanke ƙafafun da 'ya'yan masu su ba sa iya kalla, aka sallame shi da 'yar takarda kamar wanda ya yi sata. In gwamnati ta yafe, ba kyauta ta yi mini ba, canjina ta miƙo mini. Zan karɓa kuma ba zan durƙusa ba. Kai kawai nake so ka matsa daga bakin ƙofa in wuce."

Na miƙe. Na yi mata sallama na fito, ina tsallake tasoshin.

Ba zan ce ta rinjaye ni a hujja ba, domin ba ta rinjaye ni ba. Har yanzu ina ganin wanda ya ci bashi shi ya kamata ya biya, kuma ƙasar da ta koya wa mutanenta jiran yafiya za ta wayi gari ba mai ba kowa rance. Abin da ban iya kaucewa ba guda ne: ni na yi alkawarin, amma ba ni za a fitar wa da kaya titi ba. Na gina wa kaina suna da bangon wata.

Ranar da kwamitin ya zauna a ɗakin taro na ƙaramar hukuma, na sa rigar da ta rage mini na tafi. Ɗakin ya cika da mutanen Benedict, masinjoji da direbobi da malaman makaranta, har da wasu da suka tsaya a sahu ranar jana'izar. Na gan su, sun gan ni. Hansai tana can gefen mata, ba ta ɗago ba.

Da aka kira sunan Husaini na miƙe. Shugaban kwamitin, wani mai farin tabarau da ban sani ba, ya saurari bayanin Julius, sannan ya ce, "Baba, ka yarda cewa ba ka da ikon ci gaba da biyan wannan bashi?"

"Na yarda. Na ɗauka, na kasa. Kowa a nan ya ji."

"To, sa hannu a nan."

"Zan sa, amma sai na faɗi magana. Ranka ya daɗe, ban zo godiya ba. Ku kuka kira mutumin nan ya ci bashi a kan albashi, ku kuka yanke albashin, ku kuka shafa wa matarsa jan fenti a bango. Wanda ya tura ka rijiya ba ya zama mai ceto domin ya miƙo igiya. Su kuma waɗannan da ke bayana," na juya na dube su, "kada wani ya fita ya ce Mahmudu ya shiga ƙungiyarsu. Ban shiga ba. Da bashina ne, da sai dai ku sayar da gidan da ni a ciki. Na matar nan ne, shi ya sa na zo."

Shugaban ya gyara tabarau ya ce, "Baba, ba mu da wurin rubuta wannan duka."

"Ban ce ku rubuta ba. Na ce ku ji."

Daga can baya Benedict ya ce, "Ranka ya daɗe, ku karɓi sa hannun da sauri kafin ya fara huɗuba ta biyu!" Aka yi dariya, har shugaban. Ni ban yi ba. Na karɓi alƙalami na rubuta sunana cikakke, a hankali, yadda aka koya mana a elementare. Aka kira Hansai ta dangwala yatsa. Shugaban ya ce an dakatar da gwanjon daga ranar, sauran kuma sai an kai Jos an tabbatar.

A waje Benedict ya tare ni yana washe baki. "Sarkin Biya ya sauka daga karaga! Yaya ƙasa, Oga? Akwai sanyi?"

"Je ka buɗe shagonka. Ina son ƙusoshin kwano, da aron tsani."

"Bashi?"

"Lakadan."

Ya auna mini ƙusoshin yana ta surutu, na biya shi, na biya ta gida na ɗauko gudumata. Tsanin ni na saɓa shi a kafaɗa har Angwan Iya, ina tsayawa ina canza kafaɗa, mutane suna yi mini sannu suna bin tsanin da kallo. Hansai ba ta daɗe da dawowa ba, ko mayafi ba ta cire ba, ta fito ta same ni ina jingina shi da bango.

"Malam, me kuma za ka yi?"

"Kwamiti ba ya hawa rufi."

"Sauko don Allah. Jiya-jiya aka gama cewa na ci fanshonka, kada gobe a ce a gidana ka karye."

"Ki shiga ki kwashe tasoshinki."

Gwiwoyina sun yi ƙara a kowane mataki, amma sun kai ni. Katakon bai ruɓe ba, ƙusoshin ne kawai suka zare, aikin da tun bara ya kamata a ce wani ya yi shi kafin silin ya rufto. Na jawo kwanon na daidaita shi a kan ɗan'uwansa, na danne da gwiwa, na sa ƙusa a kan tudun kwanon, ba cikin kwarinsa ba, na buga. Daga ƙasa na ji ta tana cewa in bi a hankali ta wajen kusurwa, nan ma yana ɗiga. Na ce na gani. Na ciro wata ƙusar daga bakina na matsa can.